Mutanen da Gwamna Ilu Bai Sallama Ba

Ulaisha, Riyad

Ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan da ka fake a ɗakinsu a unguwar Sulai. Ka gaishe su, ka ce na gode da suka riƙe mini kai. Allah ya tsare ka a zaune, ya tsare ka a tafe, ya kiyaye ka daga sharrin abin da ido ke gani da wanda ba ya gani. Mahaifiyarka tana gaishe ka, ƙafar tata kuma da sauƙi.

Da gangan na rubuta da Hausa. Na san za ka yi ta tuntuɓe, kana bin baƙi da yatsa kana gunaguni da Larabci. Ka daure. Wanda ke son ƙuri'ar mutanen garinmu ba da "yalla" da "halas" zai roƙe ta ba.

Tun kafin azumi ka zo ka durƙusa gabana, ka ce baffanka ya kira ka ka koma gida ka tsaya takarar majalisar jiha, kana neman izinina da albarkata. Na ce za mu yi magana. Bayan salla ka sake zuwa, na ce ka bari tukuna. Ka gaji ka kwashe kayanka ka koma Sulai. Yanzu na ji ka yanki tikiti, amma ka rantse wa mahaifiyarka ba za ka hau jirgi ba sai ka ji daga bakina, ko da za a ba wani takarar. To, amsar tana cikin takardar nan. Sai dai ka bi ta inda na bi kafin ka kai gare ta, kada ka yi mini wayon leƙa shafin ƙarshe.

Baffanka ya turo mini hoton da suka buga a waya. Ga fuskarka da hular da ba ka iya kafawa ba, a ƙasa an rubuta: Tattaɓa-kunnen Gwamna Ilu, wanda bai taɓa dukan talaka ba. Gaskiya suka rubuta, babu ƙarya ko ɗaya. Sunansa na sa maka, shi ya sa nake kiran ka Abba. Amma ban taɓa zaunar da kai na gaya maka ko shi wane ne ba, kuma wannan kuskurena ne. Kada ka ɗauki sunan mutum ka yi talla da shi alhali rabin labarinsa kawai ka sani.

Kakana Ilu ba ɗan sarauta ba ne. Ubansa mai fito ne, yana ƙetarar da mutane da awakinsu a kwalekwale. Da Turawa suka zo, shi ya ƙetarar da su, ya bi su da ɗaukar kaya, kunnensa ya kama yarensu, ya zama tafinta. Mai mulkin ƙasarmu na lokacin ya ƙi zama ƙarƙashinsu, ya tattara iyalinsa ya yi gabas. Turawa suka duba suka rasa wanda suka yarda da shi sai tafintansu, suka ɗora shi a kan ƙasar bakin kogi gaba ɗayanta. Babu sarautar da ta dace da ɗan mai fito, masu naɗi suka ƙi ba shi ta gidan, sai mutane suka riƙa ce masa Gwamna. Da ba'a aka fara, daga baya sunan ya bi shi har kabari.

Ya yi aiki, ba zan rage masa ba. Shi ya tayar da kasuwa daga fadama ya mayar da ita tudu. Rijiyar bakin masallaci da har yau ake sha, shi ya sa aka haƙa. Ya hana bulala a ƙofar gidansa, ya hana ɗaure mutum a turu. Bai sa rawani mai kunnuwa ba, bai tara mawaƙa ba. Kowa ya zo gabansa sai ya tambaye shi iyali, ya sa a kawo masa ruwa. Wannan shi ne abin da baffanka ya sani.

Sauran a bakin Goggo Hajara na ji, babbar 'yarsa, wadda ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifina. Ba ka san ta ba. Mace ce mai kaifin baki, ba ta rufa wa kowa asiri, har ubanta.

Akwai wata al'ada da kai ɗan Riyad ba za ka sani ba. A da, talaka in ya faɗi gaban mai mulki ya yi gaisuwa, ba ya tashi sai an sallame shi. Mai mulki zai ɗaga hannu ya ce a sauka lafiya, sannan mutum ya ja da baya ya ɗauki takalminsa. Wanda ya tashi ba a sallame shi ba ya nuna ba ya ƙarƙashin kowa ke nan, kuma hukuncinsa ba ƙarami ba ne. Gwamna ba shi da dogarawan gado, ba shi da dangi masu dawaki, manyan gari suna yi masa kallon ɗan kwalekwale. Sai ya duba abin da ke hannunsa, ya ga al'adar nan ta ishe shi. Bai taɓa ce wa kowa a'a ba. In ka zo da maganar da ba ya so, zai saurare ka har ƙarshe, ya gyaɗa kai, ya miƙe ya shige cikin gida. Kai kuma kana nan a zaure.

Wasu wuni suke yi. Wasu su kwana. In ya ga mutum ya yi laushi, ya fito ya ce, "Af, ashe kana nan? A sauka lafiya." Mutum ya tashi da ƙafafu a sage, ya manta ma abin da ya kawo shi, yana godiya.

Wata shekara Turawa suka ce a yi hanya, Gwamna ya kwashe samarin wani ƙauye na hayin kogi ya tura su aikin. Ruwan farko ya sauka, babu mai shuka. Dattawan ƙauyen suka ƙetaro, Sarkin Nomansu yana gaba, tsoho ne mai dogon wuya da furfura har gira. Suka faɗi suka yi gaisuwa, suka roƙi a ba su aron 'ya'yansu su yi shuka su dawo. Goggo ta ce Gwamna ya san gaskiyarsu, amma Bature ya riga ya sa masa ranar da zai zo ganin hanya. Ya tambaye su iyali ɗaya bayan ɗaya, ya sa aka kawo musu fura, ya tashi ya shiga gida.

Suka zauna. Salla kawai ke fitar da su bakin ƙofa, su idar su koma inda suke. Ana kai musu tuwo safe da yamma, don Gwamna ba ya barin baƙo da yunwa. Ruwa na biyu ya sauka suna jin sa a kan rufin zaure. Ɗaya daga cikinsu ya kasa daurewa, ya ɗauki takalminsa ya tafi. Kafin ya kai gida an riga shi da saƙo, an ba wani gonarsa saboda raini. Daga nan babu wanda ya sake motsawa. Goggo ta ce abin da ya fi ba ta tsoro shi ne yadda suka daina magana, ko tsakaninsu. In ta leƙa ta labule sai ta gan su jere jikin bango, tafin ƙafafunsu da jan laka na hayi, duk idanunsu a kan ƙofar cikin gida.

Wata rana da hantsi aka kai wa Sarkin Noma fura, bai miƙa hannu ba. Yana jingine da bango, idonsa a buɗe yana kallon ƙofar. Na kusa da shi sun sani tun da safe, amma babu wanda ya tashi ya faɗa, don ba a sallame su ba. Gwamna ya aiko da likkafani mai kyau daga ciki, shi kansa bai fito ba. Da aka ɗauki gawar, sauran suka bi ta, ba su dawo ba, kuma babu wanda ya ce musu a sauka lafiya. Damina ta wuce ƙauyen bai shuka ba. Da rani ya yi suka watse, yanzu ko kufansa ba za ka gane ba.

Hanya kuwa an gama ta a kan lokaci, Bature ya yaba. Gwamna ya ƙara shekaru masu yawa a kan mulki. Ƙarshensa, sabon Bature ya kira shi babban gari, aka ba shi benci a baranda. Ya yi kwanaki yana zuwa yana zama, Baturen yana wucewa ta gabansa yana ɗaga masa hula. Masinja ne ya zo ya gaya masa an naɗa wani daga gidan sarauta, yana iya tafiya.

Ya dawo gida ya tsufa. Tun daga ranar bai sake bi ta zaurensa ba, ya sa aka fasa masa ƙofa ta bayan gida, wajen turken awaki. Kullum rana ta take sai ya tambayi Goggo, "An kai musu abinci?" Ta ce su wa, Baba? Ya ce, "Mutanen hayi." Tun tana musu har ta gaji, ta riƙa ajiye akushi a zauren da babu kowa, kaji su cinye. Ta ce masa ya fita ya sallame su mana, ya huta. Ya ce, "Da wane hannu? Mai mulki ke sallama, ni an cire ni." Ranar da zai rasu ya yi ta ƙoƙarin ɗaga hannun dama, yana kaiwa rabi yana faɗuwa.

Ni da na ji wannan labari, me ka ga na yi da shi? Na ɗauke shi hirar tsofaffi. Ina saurayi aka kafa jam'iyyu, aka ce ga jikan Gwamna, aka tura ni na zama kansila. Kaina ya yi girma, wallahi har tafiyata ta canja. Aka yanke a yi tashar mota a wani fili, filin kuwa gonar wata tsohuwa ce, Iya Tabawa mai daddawa. Ta zo ofishina, ta cire takalmi tun daga waje, ta durƙusa. Ta ce, "Ɗan nan, gaya mini gaskiya, za a karɓa ko ba za a karɓa ba? In za a karɓa, ƙanena ya ce in koma wajensa tun ana shuka." Na san an riga an gama magana. Amma ta san uwata, kuma ina son a ce kansila mutumin kirki ne. Na ce, "Iya, zauna ki sha ruwa, ina zuwa." Na fita ta ƙofar baya na hau babur.

Kullum sai ta zo. Masinja ya ce mini tana zama kan benci da ƙullin daddawarta har a tashi. Ni kuma na koyi ajiye babur a bayan ofis. Ta shuka gonar saboda ba a ce mata a'a ba, gero ya kai gwiwa, motar rusau ta zo ta bi ta kansa. Ba ta sake zuwa ba, ban kuma tambaya ba. Ban zage ta ba, ban kore ta ba, ruwa ma na ba ta. A lokacin har ina ganin na kyauta.

Abba, in ka samu kujera, mutane za su zo maka da abin da ba za ka iya ba. Ka dubi idon mutum ka ce ba zai yiwu ba. Zai ji haushi, zai zage ka a kasuwa, wataƙila ya ƙi zaɓenka. Amma zai tashi ya nemi wata hanya tun da sauran lokacinsa. Kuma duk ofishin da aka ba ka, ka tambaya ko yana da ƙofar baya. In akwai, ka sa kabad ka toshe ta, don ranar da ka gaji ƙafarka za ta kai ka can ba da shawararka ba.

Soja suka rushe mu, siyasa ta tofar da ni, na zo ƙasar nan neman abinci. A nan na ɗanɗana benci. Kana goye aka bugo waya cewa uwata tana kwance, tana kiran sunana. A lokacin fasfo yana hannun kafil, mutumin da iƙamata, wato takardar izinin zamana, ke ƙarƙashinsa, kuma ba ka fita ƙasar sai ya sa hannu. Na je ofishinsa. Mutum ne mai fara'a, ya rungume ni, ya sa aka kawo mini shayi da dabino, ya ce, "Bukra, in sha Allah." Wato gobe. Washegari na koma, aka ce yana ciki. Na zauna ina kallon ƙofa, ana ta sabunta mini shayi. Yaron ofis ɗan Sudan ya ji tausayina, ya raɗa mini cewa maigidan ya fita ta wajen ajiye motoci tun kafin azahar. Na yi dariya, Abba. Ni kaɗai a kan kujera na yi ta dariya har yaron ya tsorata.

Laifina a nan shi ne na ci gaba da zama. Akwai inda ake kai ƙara, akwai manyan 'yan ƙasarmu da za su iya yi masa magana, amma ina jin nauyin mutumin da ya ba ni shayi. Ina kan kujerar nan aka bugo aka ce an kai ta. Don haka in wani babba ya ajiye ka, ko uban jam'iyya ne ko gwamna, ka ba shi uzuri sau ɗaya. In ya maimaita, ka tashi ka tare shi a bakin motarsa ka ce ya ba ka e ko a'a. Ladabi daban, zama a kashe ka da shayi daban.

Yanzu zan gaya maka abin da ban taɓa gaya wa kowa ba sai malami ɗaya da likita ɗaya. Malamin ya ce matattu ba sa dawowa, kuma na yarda, haka addini ya ce. Ya ba ni addu'o'i, ina yi har yau. Likitan ya ce zafi ne da sukari. Ban yi musu da kowa ba, abin da na gani kawai zan faɗa.

Juma'ar da ta biyo bayan rasuwar uwata, da aka sauko masallaci, na rasa inda zan kai kaina. Ba ni da kabarinta da zan tsaya a kai, sai na taka zuwa maƙabartar Ud, na ce in yi mata addu'a a cikin 'yan'uwanta matattu. Ka san wurin. Fili ne fetal, tudun ƙasa da dutse a kai da ƙafa, babu suna ko ɗaya, an ce har waɗanda suka mulki ƙasar nan suna ciki ba ka bambance su. Rana tana tsakiya, gari ya yi tsit, ko tsuntsu babu. Na ɗaga hannu ina addu'a, sai na ji ana kallona. Na juya. A 'yar siririyar inuwar katanga ga mutane zaune a jere, sun miƙe ƙafafu. Na ɗauka leburori ne ke hutawa. Sai na lura rigunansu saƙi ne, irin wanda rabona da gani tun a akwatin Goggo. Tafin ƙafafunsu da jan laka, ɗanye, a garin da rabonsa da ruwa wata da watanni. Na farkonsu tsoho ne mai dogon wuya.

Na yi musu sallama, babu wanda ya amsa. Ba fushi a fuskarsu, ba roƙo. Kallona kawai suke yi, kallon da na yi wa ƙofar kafil. A ƙarshen layin akwai mace da ƙulli a cinyarta, warin daddawa ya bugi hancina. Ban yi gudu ba. Na fita da baya da baya har na ci karo da ƙofa.

Na ce ai a maƙabarta na bar su. Bayan kwana kaɗan na dawo cin abincin rana, na tura ƙofar gidan nan, na same su a kan matakala, kowa da tasa, jikin bangon dama. Tun daga lokacin suna nan. Ba kullum ba, kuma ba sa zuwa sai rana ta take, lokacin da aka rufe shaguna titi ya mutu. Ba su taɓa hawowa sama ba, ba su taɓa taɓa ni ba. In na raɓa zan wuce sai su janye ƙafafunsu, su ba ni hanya cikin ladabi. Wannan janye ƙafar ya fi komai tayar mini da tsigar jiki.

Kai ka girma kana hawa matakalan nan da gudu, ba ka ga komai ba. Mahaifiyarka ma ba ta gani, amma ka lura ba ta taɓa bin gefen dama, ko da kaya a hannunta. Na tambaye ta dalili, ta ce, "Oho, nan ɗin ne dai bai yi mini ba." Mai gadin gidan kuwa ya sha tare ni yana mita, wai wane ne a cikinmu ke shigo da jan ƙasa, ya goge da safe ya tarar da ita da la'asar.

Na gwada sallamar su. Na tsaya a ƙasa, na ɗaga hannu na ce a sauka lafiya. Ko gezau. Ni wa? Mai lissafin kwalaye a sito, wanda shi kansa sai an sa masa hannu yake fita ƙasar. Na nemi dangin Iya Tabawa ta waya, aka ce ta rasu a garin ƙanenta da daɗewa. Na yi mata sadaka, na yi wa mutanen hayi, ina kan yi. Suna nan dai.

Ka ga dalilin da maganar takararka ta daskarar da ni. Na ce a raina, in yaron nan ya hau kujera da sunan Gwamna, za su tashi daga matakalata su koma ƙofarsa. Ba na so in ce maka je ka, ina tsoro. Ba na so in ce maka kada ka je, don na san a nan ba ka da gobe, iƙama ce ake sabunta maka shekara shekara a garin da aka haife ka, kuma ba na so ka riƙe ni a zuciya. Sai na ce za mu yi magana. Mahaifiyarka ta yi ta fama da ni. Ran nan tana zuba mini miya ta ce, "Malam, ka ba yaron nan amsa. In a'a ce ka ce a'a, ya yi kukansa ya share hawaye. Wannan wace irin mugunta ce cikin sanyi?" Na daka mata tsawa na ce ta bar ni in yi tunani. Ita ma ban ba ta amsa ba.

Ranar Talata na dawo da azahar, zafi kamar a gasa gurasa a kan mota. Na tura ƙofa, suna nan yadda na saba ganinsu. Na sunkuyar da kai zan wuce, sai na ga layin ya ƙaru. A matakalar ƙasa, bayan Iya Tabawa, akwai saurayi da farar jallabiya, katin wurin aiki rataye a wuyansa. Ya cire takalmansa ya jera su a gefe, irin jerawar da na koya maka a ƙofar masallaci. Ya ɗago kai. Abba, kai ne. Har tabon da ke haɓarka.

Na lalubo waya na kira ka, ina kallonsa. Ka ɗauka, ina jin ƙarar injin ɗaga kaya a bayanka, ka ce, "Na'am Baba, lafiya?" Wanda ke gabana bakinsa a rufe. Ka ce, "Baba, akwai magana ne?" Na ji yadda muryarka ta ɗaga da sa rai. Ka tuna abin da na ce? Na ce babu komai, na kashe. Ina kashewa, na kan matakala ya mayar da kansa ƙasa, ya janye ƙafafunsa ya ba ni hanya.

Ban ci abinci ba ranar. Na zauna a bakin gado na yi kuka irin wanda ban yi ba ko da uwata ta rasu. Shekara da shekaru ina tsoron kada su bi ka, ashe ni da hannuna na zaunar da kai a cikinsu. Ba ni da ƙasa, ba ni da zaure, mutum ɗaya ne tak a duniya da ba zai tashi ba sai na ce ya tashi, shi ma na yi masa irin ta Gwamna.

Ban sani ba ko za ka ci zaɓe. Ban sani ba ko za su biyo ka, kuma ba zan yi maka ƙaryar cewa na daina tsoro ba. In wata rana da tsakar rana ka ga abin da na gani, kada ka fasa ƙofar baya. Ka yi addu'a, ka bi ta gabansu, ka je ka saurari rayayyun da ke jiran ka, ka ba kowa amsarsa kafin ka ci abinci. In ka hau kujerar, ka je tsohon zauren, yana nan bayan rijiya ana tara buhunan taki a ciki. Ka tsaya a ƙofar cikin gida, ka ɗaga hannun dama, ka faɗa da Hausarka ko da ta karye. Wataƙila su ji daga gare ka. Iya Tabawa kuwa tawa ce, ka bar ni da ita.

Ga amsarka. Na yarda. Ka je ka tsaya takararka, na sa maka albarka, duniya da lahira, babu komai tsakanina da kai sai alheri. Ka yafe mini watannin da na ci maka. Kada ka zo yi mini godiya, kada ka sake durƙusawa gabana a kan maganar nan. Ka biyo ka yi wa mahaifiyarka bankwana da yamma, ta haɗa maka yaji da kuka kamar can babu. Amma yanzu, a duk inda takardar nan ta same ka, in a zaune kake, ka miƙe tsaye ka sa takalminka. Na ɗaga hannuna, Abba, har sama ya kai. Na sallame ka. A sauka lafiya.

Allah ya kai ka lafiya, ya sa ka a hannun mutanen kirki, ya tsare ka daga zalunci, naka da na wani. Allah ya jiƙan Gwamna Ilu, ya jiƙan mutanen hayi, ya sa su yafe mana. Gobe da azahar zan dawo gida in tura ƙofa, ina roƙon Allah in tarar da matakalar ƙasa babu kowa.

Wassalam.

Mahaifinka.